Arkiya a dausayin tsaunuka masu sanyi: dangi ɗaya ne ko taron kasuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin ƙananan halittu. An koya mana cewa arkiya halittu ne na wurare masu tsanani, kamar maɓuɓɓugan ruwan zafi da tafkunan gishiri. Sai ga shi ina ganin ana maganar yawansu a ƙasar dausayi ta kan tsaunuka masu sanyi irin na Tibet. Waɗanne irin arkiya ne a can? Dangi ɗaya ne da sanyi ya samar ko kuwa? Kuma yaya ake gane nasabar abin da ko a madubin bincike da ƙyar ake ganinsa? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, na gode ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka ɗaure da igiya ɗaya: su wane ne ke cikin wannan ƙasa, mene ne tsakaninsu, kuma da wane ma'auni aka gane hakan. Su arkiya ƙananan halittu ne masu ƙwaya guda, a ido kamar bakteriya amma gidansu dabam. Bari in ba ka amsar ta tsakiya tun yanzu, sannan mu bi ta sannu a hankali. Ba dangi ɗaya ba ne. Abin da ke cikin lakar dausayin tsauni ya fi kama da kasuwar ƙauye ranar da take ci: kowa daga gidansa ya fito, wasu ma gidajensu sun rabu tun kafin a sami tsiro ko dabba a doron ƙasa. Abinci da rashin iska ne suka tara su. Shi sanyi bai haifi zuriyar kansa ba, aikin rariya yake yi, yana tace masu iya jurewa daga kowane gida.

Ma'aunin nasaba

Abin da aka koya muku ba ƙarya ba ne, tsohon labari ne kawai. A 1977 Carl Woese da George Fox, a Jami'ar Illinois ta Amurka, suka kwatanta wani sashe na ribosom, wato injin da kowace ƙwayar halitta ke haɗa furotin da shi. Sashen ana ce masa 16S, tsawonsa haruffan gado, wato sinadaran da ake rubuta saƙon gado da su, kusan 1,500. An zaɓe shi ne domin babu mai rai da ba shi da irinsa, kuma wasu wuraren cikinsa kusan ba sa motsi, wasu kuma suna sauyawa da ɗan sauri. Wuraren da ba sa motsi suna nuna maka babban gida, masu sauyawa suna nuna ɗakin da aka fito. Kamar yadda dattijo zai dubi tsagar fuska ya ce wannan Bagobiri ne tun kafin mutum ya buɗe baki.

Abin lura shi ne, halittun farko da suka nuna musu wannan bambanci masu samar da iskar metan ne, wato iskar gas mai kama wuta, irin mazauna laka da ruwan ƙazanta da tumbin shanu. Da aka jera haruffansu sai aka ga nisansu da bakteriya ya kai nisan bakteriya da mu. A 1990 Woese da Otto Kandler da Mark Wheelis suka raba masu rai gida uku: bakteriya, arkiya, da masu cibiya a ƙwayarsu, inda tsirrai da dabbobi da mutane suke. Kitsen fatar arkiya dabam yake da na kowa, bangonsu ba irin na bakteriya ba ne, sannan injin da suke kwafe saƙon gado da shi ya fi kama da namu. Sunan "mazauna wuri mai tsanani" ya manne musu ne saboda a lokacin waɗanda aka iya rainowa a kwalba ke nan. A 1992 aka gano su cunkus a ruwan teku mai sanyi, a 2006 kuma aka nuna cewa a ƙasashen gona da na daji da dama sun fi bakteriya yawa cikin masu sarrafa amoniya. Tun daga nan wancan suna ya daina ɗaukar su.

Dausayin Zoige

Tunda ka ambaci Tibet, mu ɗauki wurin da aka fi yin aiki a kansa. Dausayin Zoige, wanda Sinawa ke kira Ruoergai, yana gabashin tudun Qinghai da Tibet, a iyakar lardunan Sichuan da Gansu, a yankin da Rawayen Kogi ke yin lanƙwasarsa ta farko. Tsayinsa kusan mita 3,500 ne daga teku, wato ya ninka tudun Mambila fiye da sau biyu. Matsakaicin zafin shekara kusan digiri 1 ne, saman ƙasa kuma yakan daskare watanni a lokacin hunturu. Makiyaya na kiwon shanun yak da tumaki a wurin, gauraka mai baƙin wuya kuma a nan take ƙyanƙyasa.

Saboda sanyi, ruwa ba ya saurin ƙafewa, ciyawar da ta mutu kuma ba ta gama ruɓewa. Sai ta taru shekara bisa shekara, shekaru dubbai, ta zama wata baƙar laka mai zare-zare, wadda a wasu wurare kaurinta ya kai mita da yawa. Ita zan riƙa kira lakar ciyawa. Abu guda da ya kamata ka riƙe game da ta Zoige: ba ta da tsami sosai, kusan tsaka-tsaki take, domin ciyayin wurin dangin jiji ne irin su Carex da Eleocharis, kuma ruwan ƙasa na shigo mata da ma'adinai. Wannan ya raba ta da yawancin dausayin arewacin Turai da Kanada, inda gansakukar Sphagnum ke mayar da ruwa tsami. Sanyi kusan ɗaya, amma mazaunan ba ɗaya ba. Nan ne farkon shaidar cewa ba sanyi kaɗai ke zaɓe ba.

Su wane ne a ciki

In ka yanki lakar daga sama zuwa ƙasa, kamar ka ratsa unguwanni ne. A 'yan santimitocin sama, musamman a tudun da ruwa bai rufe ba, akwai iskar oksijin. Nan ne mazaunin arkiya masu cin amoniya, dangin Nitrososphaera. Na farkon wannan babban reshe da aka raina a kwalba shi ne Nitrosopumilus maritimus, a 2005, daga tankin kifi a birnin Seattle. Na ƙasa kuwa, Nitrososphaera viennensis, daga wani lambu a Vienna aka samo shi a 2011. Ba su da alaƙa ta kusa da masu metan ko kaɗan. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su.

Ƙasa da inda ruwa ya tsaya iska ta ƙare, sai unguwar masu metan. Su ba sa iya cin ciyawa da kansu, ragowar kwanon wasu suke jira. Bakteriya ne ke farfasa zaren ciyawa su mayar da shi sukari, wasu su tsima sukarin ya zama asitet, wato tsamin da ke cikin ruwan kal, da haidurojin da iskar kabon. Daga nan masu metan ke karɓa. Wasu, irin su Methanobacterium da Methanoregula, haidurojin da iskar kabon suke haɗawa. Methanothrix, wanda tsofaffin takardu ke kira Methanosaeta, asitet kawai ya sani. Methanosarcina kuwa ɗan kasuwa ne, duk abin da ya samu yakan taɓa.

A ƙa'idar lissafi, in ciyawa ta ruɓe ba iska, kashi biyu cikin uku na metan ta asitet yake fitowa, kashi ɗaya ta haidurojin. Sanyi yakan ƙara karkata ma'aunin zuwa asitet, domin akwai bakteriyar da ke riga masu metan wawure haidurojin in zafi ya yi ƙasa, su mayar da shi asitet. A dausayi mai tsami kuma abin yakan juya, masu haidurojin su fi ƙarfi. To Zoige sai ya zo da nasa salon. A 2008 masu bincike a Cibiyar Nazarin Ƙananan Halittu ta Kwalejin Kimiyya ta Sin da ke Beijing, a ɗakin binciken Dong Xiuzhu, suka raino wata halitta daga ƙasar da Eleocharis ke tsirowa, suka sa mata suna Methanolobus psychrophilus, ma'ana mai son sanyi. Abincinta metanol ne, wani sinadari dangin barasa. Tana iya rayuwa tun daga digiri 0, ta fi walwala a digiri 18, in aka wuce 25 kuma sai ta tsaya. Ina metanol ya fito a tsakiyar makiyaya? Daga fektin, ƙaron da ke manne ƙwayoyin tsiro da juna. In bakteriya suka warware shi sai metanol ya saki. Aikin da ya biyo baya daga wannan ɗakin bincike ya nuna cewa a ƙasar Zoige mai sanyi metanol babbar hanya ce ta samar da metan, ba 'yar ƙaramar ɓarauniyar hanya ba kamar yadda littattafai suka saba nunawa. A shekarar 2008 ɗin dai suka bayyana wani rukuni da ba a taɓa rainowa shi kaɗai ba, suka kira shi ZC-I, daga gidan Methanosarcinales, mai babban kaso cikin masu metan na wurin.

Dubi wannan digiri 18 da kyau. Lakar da halittar ke ciki mafi yawan shekara ba ta kai haka ba. Ke nan ko "mai son sanyi" ɗin ma a ƙasa da abin da take so take rayuwa. Ni a ganina yawancin mazauna irin wannan wuri masu haƙuri da sanyi ne, ba masu sonsa ba. Suna lallaɓawa cikin hunturu, su yi mafi yawan aikinsu a 'yan watannin ɗumi lokacin da saiwoyi ke zubo abinci.

Su saiwoyin kansu suna da hannu fiye da yadda ake zato. Jiji da danginsa suna da ramukan iska a cikin kara, kamar shinkafa. Ta nan oksijin ke sauka ya yi wa masu metan iyaka a jikin saiwa, ta nan kuma metan ke hawa sama ya kauce wa bakteriyar da ke cinye shi a saman laka. Shi ya sa taku goma tsakanin inda Carex ya mamaye da inda Eleocharis ya mamaye kan iya ba ka jama'a biyu mabambanta.

Akwai kuma wasu da in ka jera haruffan gado daga laka mai zurfi za ka yi ta cin karo da su, wato Bathyarchaeota. Shekaru da yawa sunansu kawai "rukunin tarkace" ne, domin an rasa inda za a ajiye su, sai a 2014 aka raɗa musu wannan suna. Abin da kundin gadonsu, wato jimillar saƙon gadon da ke jikinsu, ke nunawa shi ne suna cin ragowar tsiro mai taurin kai, wasunsu har da lignin, sinadarin da ke sa itace ƙarfi. Ga kuma Woesearchaeota, ƙanana ƙwarai, kundin gadonsu a gutsure, alamar sun dogara da wasu halittu ne. Sai Methanoperedens, wanda aka bayyana a 2013, ɗan gidan masu metan ne amma ya juya sana'ar gado: cin metan yake yi ba tare da iska ba, yana amfani da sinadarin naitiret a madadinta.

Inda suke zaune a bishiyar nasaba

Nan ne zuciyar tambayarka. Da sanyi ne ya samar da zuriya, da in ka zana bishiyar salsala za ka ga duk masu jure sanyi sun taru a reshe guda. Ba haka ake gani ba. A warwatse suke, kowanne kusa da ɗan'uwansa na wuri mai ɗumi. Ɗauki Methanolobus ɗin nan. Wanda aka fara sani a gidansu, Methanolobus tindarius, daga lakar bakin teku a Tindari ta tsibirin Sisili aka samo shi. Wani ɗan gidan, Methanolobus zinderi, daga ƙarƙashin ƙasa a cikin kwal a jihar Louisiana ta Amurka ya fito, kuma ya fi jin daɗi a digiri 40 zuwa 50. Kada sunan ya ruɗe ka ka ce ɗan Damagaram ne, don girmama masanin Jami'ar Cornell, Stephen Zinder, aka sa masa. Gida ɗaya, ɗa ɗaya a ƙanƙarar Tibet, ɗaya a ɗumin ramin kwal.

Haka yake a tafkin Ace na Antaktika, inda aka samo Methanococcoides burtonii da Methanogenium frigidum. Tafki ɗaya suke sha, dukansu masu jure sanyi ne, amma gidajensu biyu ne mabambanta, kuma kowanne da dangi a wurare masu ɗumi. A can wani gefen bishiyar kuma ga Methanopyrus kandleri, mai metan ne shi ma, an nuna yana hayayyafa a digiri 122. Abin da wannan ke gaya mana shi ne jure sanyi ba gadon kaka ɗaya ba ne, dabara ce da gidaje da yawa suka koya kowa a nasa lokaci. Kuma dabarar ba ta buƙatar sabon jiki: a sassauta kitsen fata kada ya daskare kamar man shanu da asubar hunturu, a sa furotin ya ɗan yi laushi don ya iya motsi, a tanadi masu warware saƙon gado in sanyi ya nannaɗe shi.

Sunayen ma suna ba da labari. Wasu rukunan da ake samu a dausayin sanyi sunansu na farko "rukunin shinkafa" ne, domin a saiwar shinkafa aka fara ganin haruffansu. Na ɗaya ya zama Methanocella a 2008 bayan an raino shi daga wata gonar shinkafa a Japan. Na biyu kuwa a dausayin Stordalen da ke arewacin Suwidin, inda daɗaɗɗiyar ƙanƙarar ƙasa ke narkewa, aka haɗa kundin gadonsa a 2014 aka kira shi Methanoflorens. Don haka in ka ɗebi laka a fadamar shinkafa a nan gida, manyan gidajen da za ka tarar ba baƙi ba ne ga na Zoige. Bambancin yana can ƙarshen rassa, da kuma wa ya fi wa yawa.

Sai dai bishiyar ba ta tsaya cak ba. Duk mai samar da metan yana da wata ƙwayar gado da ake kira mcrA, kuma an daɗe ana ɗauka cewa a babban reshe guda kawai ake samunta. A 2015 aka ga irinta a kundin gadon Bathyarchaeota da aka haɗa daga ruwan rijiyoyin kwal a jihar Queensland ta Ostireliya, a 2016 kuma aka gan ta a wani reshen, Verstraetearchaeota. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa sana'ar metan tsohuwa ce ƙwarai a cikin arkiya, gidaje da yawa ne suka yar da ita daga baya. Amma ka yi hattara: ganin kayan aiki a gidan mutum ba shi ne ganin yana sana'ar ba, kuma irin wadda aka gani a Bathyarchaeota ta yi nisa da ta sauran har ana ganin wataƙila wani aikin take yi. Ƙari a kan haka, waɗannan halittu suna aron ƙwayoyin gado daga maƙwabta. Akwai hujja mai ƙarfi cewa hanyar da Methanosarcina ke fara sarrafa asitet daga bakteriya dangin Clostridium ta karɓo ta. Ke nan ribosom na iya ce maka ɗan wane ne, cikinsa kuma ya nuna a wani gida ya koyi ci.

Abin da na gani a ɗakin bincike

Ni mafi yawan aikina da lakar fadama da ta gonar shinkafa na yi shi, sai wani lokaci da na yi aiki da samfurin lakar ciyawa daga wuri mai sanyi da aka aiko a daskare. Wahala ta farko tun wajen fitar da DNA take, wato zaren da ke ɗauke da haruffan gado. Lakar ciyawa cike take da wani sinadari mai launin shayi da ke bin DNA duk inda ya je. Za ka gama aikin yini guda, ka ɗaga 'yar kwalbar ka ga ruwan ya yi ja-ja maimakon ya zama garau, ka san injin da ke ninka DNA ba zai ba ka komai ba. Sai ka sake wankewa, kuma kowane wanki yana tafiya da wani abu daga abin da kake nema. Masu bango mai tauri, irin Methanobacterium, in ba ka girgiza su da ƙananan duwatsun gilashi sosai ba ba za su fashe ba, sai lissafinka ya nuna babu su alhali suna nan.

Na biyu, ƙugiyar da kake kamun 16S da ita an ƙera ta ne daga haruffan waɗanda aka riga aka sani. Wanda bai dace da ita ba ba za ka gan shi ba, kuma ƙananan nan irin Woesearchaeota sun sha kuɓucewa ta haka. Ko ka kama su, ajiye su a bishiya wani aiki ne, domin haruffansu na saurin sauyawa, kuma lissafin kwamfuta yana da halin jawo dogayen rassa ya haɗa su wuri guda ko da ba dangi ba ne. Na uku, sanyi da rashin iska suna adana DNA na matattu. Ƙidayar da ka yi da DNA kaɗai ta haɗa da na kabari. In kana son sanin wa ke aiki yanzu, sai ka nemi RNA, wato kwafin saƙon gado da mai rai ke yi yayin aiki, ko ka auna iskar da ke fita.

Kuskuren da ya fi koya mini darasi kuwa nawa ne. Na zuba laka a kwalabe masu murfin roba, na kore iska da naitirojin, na sa ɗigon rinin da ke yin ruwan hoda in oksijin ya shiga. Saboda gaggawa na ajiye rabi a digiri 37, rabi a firji mai digiri 10. Na 37 cikin mako biyu sun cika da iska, in ka soka allura sai bututun sirinji ya turo kansa baya. Na ɗiga ɗigo a madubi na haska shuɗin haske, ga su nan suna ƙyalli kore-shuɗi kamar ƙananan taurari, saboda wani sinadari mai suna F420 da masu metan ke ɗauke da shi. Na yi murna, sai da aka jera haruffa na ga 'yan tsirarun masu son ɗumi ne na ba wa dama suka cika kwalbar, waɗanda a lakar asali da ƙyar ake ganinsu. Na firjin, waɗanda su ne ainihin mutanen gari, watanni suka ɗauka kafin su nuna alama, kuma ana cikin haka wuta ta ɗauke kwana uku firjin ya ɗumama, na rasa rabinsu. Kada ka yi mamakin jinkirin. Masu binciken Japan da suka raino Prometheoarchaeum, ɗan reshen arkiya mai suna Asgard, reshen da ake ganin ya fi kowa kusanci da masu cibiya irinmu, shekara 12 suka yi kafin su bayyana shi a 2020.

In za ka karanta takardun wannan fanni, ka lura sunaye sun sauya. Abin da takardar 2005 ta kira Crenarchaeota na ƙasa, ta 2012 za ta ce Thaumarchaeota, ta yanzu mai bin tsarin GTDB, wato tsarin raba sunaye bisa kundin gado, kuma ta ce Nitrososphaeria. Halitta ɗaya ce. Ka kuma duba ko wurin da aka ɗebi samfurin yana kusa da magudana, domin tun shekarun 1960 da 1970 aka haƙa lambatu da yawa a Zoige don faɗaɗa makiyaya, kuma inda ruwa ya ja baya masu metan kan ragu, masu amoniya su ƙaru. Takardu biyu daga dausayi ɗaya za su iya saɓa wa juna saboda wannan kaɗai. In kuma kai ne za ka ɗebo, ka rubuta zurfin da ka yanka, inda ruwa ya tsaya ranar, ciyawar da ke kai, zafin lakar da tsaminta, ka sa samfurin a ƙanƙara nan take, sannan ka ajiye kwalabenka a zafin da ka tarar da lakar, ba a zafin da zai sa ka gama da wuri ba.